Muhawara: A Tehran aka yanke makomar Turai, ko a Yalta?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A makon jiya ina koyar da 'yan ajin ƙarshe na sakandare darasin Yaƙin Duniya na Biyu, sai wani ɗalibi ya tambaye ni dalilin da ya sa kullum ake ɗora alhakin rabuwar Turai gida biyu a kan taron Yalta. Na ba shi amsar da muka saba bayarwa, amma da na koma gida zuciyata ta ƙi kwanciya da ita, shi ya sa na kawo maganar gabanku.

Ga abin da nake gani. Ranar 4 ga Fabrairun 1945, lokacin da Roosevelt na Amurka da Churchill na Birtaniya da Stalin na Tarayyar Sobiyet suka zauna a fadar Livadia da ke Kirimiya, sojojin Sobiyet sun riga sun isa bakin kogin Oder, kimanin kilomita 70 daga Berlin. Romaniya da Bulgeriya suna hannunsu, haka kusan dukkan Poland da mafi yawan Hangari. Su kuwa sojojin Amurka da Birtaniya ba su ma ƙetare kogin Rhine ba, domin a lokacin suke farfaɗowa daga mummunan harin da Jamus ta kai musu a dajin Ardennes cikin Disambar 1944. To yaya za a ce an ba Stalin Gabashin Turai a Yalta, alhali ya zo taron da abin a hannunsa?

A fahimtata, bakin alƙalami ya bushe tun a Tehran, tsakanin 28 ga Nuwamba da 1 ga Disambar 1943. A can ne Roosevelt ya goyi bayan Stalin, aka tsayar da cewa babban farmakin Amurka da Birtaniya zai kasance a arewacin Faransa cikin Mayun 1944, aka kuma rufe ƙofar shawarwarin Churchill na faɗaɗa yaƙi a gabashin Bahar Rum. Daga ranar da aka yarda cewa su za su shigo ta yamma, an yarda ke nan cewa gabas ta Rundunar Sobiyet ce. Ina neman gyara daga waɗanda suka fi ni sani.

Alhaji Garba (tsohon soja):
Wa alaikumus salam Malam. Na yarda da rabin maganarka, amma ina so ka ƙara komawa baya, domin shi ma taron Tehran ya tarar da abubuwa da yawa an riga an gama su. Mu da muka yi aikin soja mun san cewa kafin kwamanda ya buɗe baki ya ce za a kai hari wuri kaza, sai mai kula da sufuri da kayan aiki ya gaya masa mutum nawa zai iya ɗauka, da kwana nawa zai iya ciyar da su. A wancan yaƙi, jiragen ruwa su ne suka yi wannan hukunci.

Tun a taron Washington na Disambar 1941 zuwa Janairun 1942, makonni kaɗan bayan harin Pearl Harbor, Amurka da Birtaniya suka amince a fara gamawa da Jamus kafin Japan, suka kuma kafa majalisar haɗin gwiwa ta manyan hafsoshinsu. Saɓanin ya taso ne a kan hanya. Janar George Marshall na Amurka yana son a tara ƙarfi a Ingila a ƙetare mashigin teku a doki Jamus kai tsaye, shi kuwa Janar Alan Brooke na Birtaniya yana ganin yin haka da wuri jefa kai ne cikin halaka. Ranar 19 ga Agustan 1942 aka gwada kai farmaki garin Dieppe da ke gaɓar Faransa da sojoji kimanin 6,000, yawancinsu 'yan Kanada, kuma cikin 'yan sa'o'i fiye da rabinsu an kashe su, ko an ji musu rauni, ko an kama su. Ga kuma jiragen Jamus na ƙarƙashin teku suna nutsar da jiragen dakon kaya a Tekun Atlantika, ba a karya lagonsu ba sai a Mayun 1943, watan da Jamus ta yi asarar fiye da 40 daga cikinsu. Wanda bai mallaki teku ba, ta yaya zai kwaso sojoji miliyan daga Amurka ya ajiye su a Ingila?

Shi ya sa aka sauka a Maroko da Aljeriya ranar 8 ga Nuwamban 1942, shi ya sa kuma a taron Kasabalanka na Janairun 1943 aka zaɓi tsibirin Sisili a matsayin mataki na gaba. Zaɓen Sisili shi ne ya tura maganar Faransa zuwa 1944.

Nafisa:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ni ɗaliba ce, kuma akwai abin da ya shige mini duhu. Idan har dalilin jinkirin a fili yake kamar yadda ka bayyana, me ya sa Stalin ya riƙa ganin cewa da gangan abokansa suke jan ƙafa? Shin ba a yi masa bayani ba ne?

Malam Habibu:
Nafisa, an yi masa bayani, amma bayan an riga an sa masa rai. Lokacin da ministansa na harkokin waje, Molotov, ya je Washington a ƙarshen Mayun 1942, sanarwar da aka fitar ta nuna an fahimci juna a kan buƙatar buɗe fagen daga na biyu a Turai cikin shekarar. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan haka Churchill ya tashi da kansa ya je Mosko ya gaya wa Stalin baki da baki cewa ba zai yiwu ba. Aka ce sai 1943, ita ma ta zo ta wuce. Ki tuna cewa a daidai wannan lokaci ake gwabzawa a Stalingrad, wadda ba ta ƙare ba sai 2 ga Fabrairun 1943, kuma ita ce ta hana Stalin halartar taron Kasabalanka. Bayanta ga yaƙin Kursk a watan Yuli. Mafi yawan rundunonin ƙasa na Jamus suna fagen gabas. A ƙarshen yaƙi an ƙiyasta mutanen Sobiyet da suka mutu sun kai miliyan 27, sojoji da farar hula, alhali Amurka ta rasa kimanin 400,000, Birtaniya kuma kimanin 450,000. Mutumin da gidansa ke ci da wuta, idan maƙwabci ya ce masa guga ce ba ta isa ba, da wuya ya ji wannan uzuri ko da gaskiya ne.

Hajiya Rabi:
Malam Habibu, ina girmama jinin da mutanen Sobiyet suka zubar, amma ba zan bari a mayar da Stalin wanda aka zalunta ba. Shi ne ya ƙulla yarjejeniya da Hitila a Agustan 1939, suka raba Poland tsakaninsu a watan Satumba, kuma lokacin da Birtaniya take fama ita kaɗai a 1940, man fetur da hatsin Sobiyet suna tafiya Jamus. Babu wanda ya buɗe wa Ingila fage na biyu a wancan lokaci. Sa'an nan ba daidai ba ne a ce abokansa sun naɗe hannu. A Tunisiya kaɗai, cikin Mayun 1943, sojojin Jamus da Italiya kusan 250,000 suka miƙa wuya. Amurka ta aika wa Sobiyet motocin soja fiye da 400,000, ban da abinci da man jirgin sama da ƙarafan layin dogo, kuma kaso mai yawa na kayan nan ta Iran suka bi, ƙasar da Birtaniya da Sobiyet suka mamaye tun Agustan 1941 saboda wannan hanya da kuma rijiyoyin mai.

Inda na yarda da kai shi ne batun Poland, kuma shi ne ya fi ci mini rai a duk tarihin tarurrukan nan. A Tehran, bayan cin abincin dare, Churchill ya ɗauki tsinken ashana uku ya jera a kan tebur, ɗaya Sobiyet, ɗaya Poland, ɗaya Jamus, ya gusa su zuwa yamma domin ya nuna wa Stalin yadda za a matsar da ƙasa sukutum: Sobiyet ta riƙe gabashin Poland, ita kuma Poland a biya ta da yankin Jamus. Babu ɗan Poland ko ɗaya a ɗakin, ga shi kuwa gwamnatinsu ta gudun hijira tana zaune a Landan a matsayin abokiyar ƙawance. Roosevelt ya keɓe da Stalin ya nuna masa bai ƙi ba, sai dai ba zai iya fitowa fili ba saboda zaɓen 1944 da ƙuri'un miliyoyin Amurkawa 'yan asalin Poland. Wata shida bayan haka, ranar 18 ga Mayun 1944, sojojin Poland ne suka kafa tuta a kan dutsen Monte Cassino a Italiya bayan sun yi asarar rayuka masu yawa, kuma da yawansu 'yan yankin gabas ne, wato garuruwansu na cikin abin da aka riga aka bayar. Saboda Poland ne fa Birtaniya ta shelanta yaƙi ranar 3 ga Satumban 1939.

Malam Bashir:
Hajiya ta kawo mu inda nake so. Ni ina ganin da an saurari Churchill, da Gabashin Turai bai faɗa hannun Stalin gaba ɗaya ba. Mussolini, shugaban Italiya, ya faɗi ranar 25 ga Yulin 1943, Italiya ta ajiye makamai a watan Satumba. Da an zuba ƙarfi a can, aka bi ta arewacin Italiya da Yugoslabiya aka nufi Vienna, da sojojin yamma sun riga na Sobiyet isa tsakiyar Turai. Amurkawa sun dubi yaƙin a matsayin aikin soja kawai, shi kuwa Churchill yana hangen abin da zai biyo baya.

Alhaji Garba (tsohon soja):
Malam Bashir, ka ɗauko taswirar da ke nuna tuddai ka duba Italiya. Ƙasa ce siririya, duwatsu sun ratsa tsakiyarta daga sama har ƙasa, koguna kuma suna gangarowa daga duwatsun zuwa teku ta kowane gefe, ta yadda duk kogin da ka ƙetare akwai wani a gabanka, abokin gaba kuma yana kan tudu yana kallonka. An sauka a Salerno a Satumban 1943, ba a shiga birnin Rum ba sai 4 ga Yunin 1944, wata tara ke nan a kan tazarar da mota take yi cikin 'yan sa'o'i. Bayan Rum ma Jamusawa sun sake tsayar da su a arewa har zuwa Afrilun 1945. Rundunar da ta sha wannan wahala a Italiya, ita za a ce ta ratsa duwatsun Yugoslabiya ta ƙananan hanyoyi, a cikin hunturu, ta riga Rundunar Sobiyet isa Vienna?

Ka kwatanta da abin da shawarar Tehran ta haifar. Stalin ya tambayi wane ne zai jagoranci farmakin Faransa, da aka ce ba a naɗa ba tukuna, ya ce to babu abin da zai tabbata. Kwanaki kaɗan bayan taron Roosevelt ya naɗa Janar Eisenhower na Amurka. Ranar 6 ga Yunin 1944 sojoji kimanin 156,000 suka sauka a Normandi, kuma ƙasa da mako uku bayan haka Sobiyet ta cika alkawarinta da gagarumin farmaki a Belarus wanda ya ragargaza rundunar tsakiya ta Jamus. Kafin ƙarshen Agusta an 'yantar da Paris. Da an karkatar da ƙarfin zuwa yankin Balkan, abin da nake tsoro shi ne a makale a duwatsu, Rundunar Sobiyet kuma ta wuce Berlin ta isa Rhine.

Hajiya Rabi:
Ina ƙara wa Malam Bashir da cewa shi kansa Churchill bai tsaya a kan hangen da ake jingina masa ba. Ranar 9 ga Oktoban 1944, a Mosko, ya rubuta a kan 'yar takarda ya miƙa wa Stalin: Romaniya kashi 90 na Sobiyet, Girka kashi 90 na Birtaniya, Bulgeriya kashi 75 na Sobiyet, Yugoslabiya da Hangari kuma raba daidai. Stalin ya ɗauki shuɗin fensir ya yi alamar amincewa ya mayar masa. Abin da ya dami Churchill shi ne Girka da hanyar Bahar Rum zuwa mashigin Suez da Indiya. Da sojojin Birtaniya suka yi faɗa da 'yan kwaminis a Atina cikin Disambar 1944, Stalin bai ce uffan ba, kuma ya sa ran a yi masa irin wannan shiru a Romaniya da Bulgeriya.

Lawali Damagaram:
Gaisuwa ga manyanmu. Ina so in taɓo wani ɓangare na shawarar Tehran da ba a ambata ba, wanda ya shafe mu kai tsaye. Ban da Normandi, an amince a kai farmaki na biyu ta kudancin Faransa. Churchill ya yi ta ƙoƙarin a soke shi domin yana janye sojoji daga Italiya, Amurkawa suka ƙi, aka yi shi ranar 15 ga Agustan 1944. Rundunar Faransa da ta shiga wannan farmaki ƙarƙashin Janar de Lattre de Tassigny, mafi yawan mutanenta daga Afirka suke: 'yan Aljeriya da Maroko da Tunisiya, da kuma waɗanda ake kira tirayar na Senegal, alhali an kwaso su ne daga duk yankunan da Faransa ke mulka a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Su ne suka shiga Toulon da Marseille kafin ƙarshen watan, kuma tashar Marseille ta zama babbar ƙofar shigo da kayan yaƙi.

Kafin nan ma, a Afirka Cadi ce ta fara ba Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, ƙasar da zai taka, lokacin da gwamna Félix Éboué ya bi bayansa ranar 26 ga Agustan 1940, mu kuwa a Nijar muna ƙarƙashin gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai haɗa kai da Jamus, har Nuwamban 1942. Saboda Cadi ta buɗe ne hanyar jiragen sama ta samu, wadda take tashi daga Takoradi ta bi ta Kano da Maiduguri da Fort Lamy (N'Djamena ta yau) da El Fasher da Khartum har Alkahira, kuma dubban jiragen yaƙi sun bi ta nan zuwa fagen Masar.

Amma da kakar 1944 ta yi, aka janye baƙaƙen sojojin daga fagen daga aka maye gurbinsu da Faransawa. Ranar 1 ga Disambar 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, aka buɗe wuta a kan tsofaffin fursunonin yaƙi 'yan Afirka da suke neman haƙƙinsu na albashi, kuma har yau ana jayayya a kan adadin waɗanda aka kashe. De Gaulle ya yi ta ƙorafin cewa ba a gayyace shi Tehran da Yalta da Potsdam ba, amma taron da shi ya kira a Brazzaville a farkon 1944 taron gwamnonin mulkin mallaka ne, kuma ƙarara ya kore maganar mulkin kai.

Usman:
Yaya Lawali, maganarka ta tuna mini da kakana, Allah ya jiƙansa. Yana cikin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma da ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a Burma (Myanmar ta yau). Lambobinsa suna cikin wani tsohon gwangwanin shayi da yake ajiyewa ƙarƙashin gado, a naɗe cikin ƙyalle, kuma ba ya fito da su sai mun matsa masa. Ba ya yawan maganar harbi. Abin da ya fi faɗa shi ne kaya: yadda suke ɗaukar akwatunan harsashi a ka suna hawa tudu cikin kurmi inda mota ba ta shiga, da yadda suke share fili su shimfiɗa alama su jira jirgi ya jefo musu abinci daga sama, idan hadari ya rufe kuma sai haƙuri. Ya ce da Hausa sajan yake ba su umarni, har waɗanda ba Hausawa ba.

Da na girma na fara karatu, sai na lura cewa kwanaki kaɗan kafin Tehran an yi taro a Alkahira, daga 22 zuwa 26 ga Nuwamban 1943, tsakanin Roosevelt da Churchill da Chiang Kai-shek na Sin, kuma maganar Burma na cikin manyan abubuwan da aka tattauna. Baba Alhaji, ina roƙon ka bayyana mini abin da aka yanke a can, da yadda ya shafi irin su kakana.

Alhaji Garba (tsohon soja):
Usman, Allah ya jiƙan kakanka, ya sa ya huta. Irinsu muka tarar a bariki muna samari, kuma sunayen wuraren da suka yi yaƙi da na rundunoninsu suna nan a kan barikokinmu, Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Arakan a Legas.

An raba taron gida biyu ne saboda Sobiyet tana da yarjejeniyar zaman lafiya da Japan tun Afrilun 1941, don haka Stalin ba zai zauna da Chiang ba. A Alkahira Roosevelt ya yi wa Chiang alkawarin babban farmaki ta teku a Tekun Bengal, a tsibiran Andaman, domin ya tafi tare da farmakin ƙasa a arewacin Burma wanda zai buɗe hanyar kai wa Sin kaya. Da aka je Tehran aka tsayar da farmaki biyu a Faransa, Stalin kuma ya yi alkawarin shiga yaƙi da Japan bayan faɗuwar Jamus, sai lissafi ya canza. Jiragen da suke sauke sojoji da tankoki a gaɓar teku ba su isa a yi duka ba. Da suka komo Alkahira a farkon Disamba, Roosevelt ya janye alkawarin, aka mayar da yawancin jiragen Bahar Rum da Ingila. Kai, ko Normandi sai da aka ɗaga daga Mayu zuwa Yuni domin a ƙara samun irin waɗannan jirage, bayan an faɗaɗa farmakin farko daga runduna uku zuwa biyar.

Ma'anar wannan ga kakanka ita ce, abin da za a iya zagayawa ta teku sai aka bi shi da ƙafa ta kurmi. Burma ce ta ƙarshe a layin rabon kaya. Runduna ta 81 da ta 82 sun haɗu suka ƙwace garin Myohaung a Janairun 1945, kwanaki kaɗan kafin Yalta, da kayansu a ka.

Nafisa:
Na gode Baba. Tambayata ta biyu ga Malam Habibu ce. Na karanta cewa a ƙarshen taron Kasabalanka, ranar 24 ga Janairun 1943, Roosevelt ya shelanta cewa ba za a karɓi komai daga Jamus da Italiya da Japan ba sai miƙa wuya ba tare da sharaɗi ba. Wannan bai tsawaita yaƙin ba kuwa, tunda an toshe wa abokin gaba kowace ƙofa?

Malam Habibu:
Masana sun daɗe suna wannan jayayya, kuma gaskiya ne farfagandar Jamus ta yi amfani da kalmar wajen tsorata mutanenta. Amma ki dubi dalilan. A 1918 an tsagaita wuta tun sojojin Jamus suna kan ƙasar wasu, daga baya Hitila ya gina siyasarsa a kan cewa ba a ci su da yaƙi ba, cin amana aka yi musu a gida. Roosevelt ba ya son a maimaita wannan. Na biyu, watanni biyu kafin nan Amurkawa sun yi sulhu da Admiral Darlan na gwamnatin Vichy a Aljeriya, abin da ya jawo suka mai tsanani, ya kuma sa ana tambaya ko gobe za a yi irinsa da wani janar na Jamus. Na uku, tunda ba za a ba Stalin fage na biyu a 1943 ba, dole a ba shi tabbacin cewa ba za a yi sulhu a bayan idonsa ba. Ni ina ganin wannan shela ce ta riƙe ƙawancen a shekarar da ya fi kusa da tsinkewa.

Hajiya Rabi:
Malam, kafin a rufe, ina so ka rage wa ra'ayinka na farko kaifi, domin akwai abubuwan da a Yalta aka ƙulla su, kuma suna tare da mu har yau. A can aka daidaita yadda manyan ƙasashe za su hau kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, bayan taron Dumbarton Oaks na 1944 ya tashi ba a warware batun ba. A can aka ba Ukraine da Belarus kujeru nasu, aka yanka wa Faransa yankin mamaya a Jamus daga rabon Amurka da Birtaniya. Da aka taru a San Francisco daga Afrilu zuwa Yunin 1945, ƙasashe 50 suka sa hannu, huɗu kacal daga Afirka: Masar da Habasha da Laberiya da Afirka ta Kudu. Duk lokacin da shugabanninmu suka nemi kujerar dindindin ga Afirka, da wannan tsari suke kokawa.

Sa'an nan a Yalta Stalin ya sa hannu a kan alkawarin zaɓe na gaskiya a Poland. A watan Maris, wata guda bayan taron, aka gayyaci shugabannin gwagwarmayar ƙarƙashin ƙasa na Poland su 16 zuwa tattaunawa, aka kama su aka kai Mosko. Zaɓen bai zo ba sai Janairun 1947, kuma an tafka maguɗi. Ko da sojojinsa suna ƙasar, sa hannun yana da nauyi, domin karya shi ne ya fara raba abokan.

Malam Habibu:
Na karɓi wannan gyara, Hajiya, kuma zan kai wa ɗalibaina shi yadda kika faɗe shi. Abin da zan riƙe shi ne batun iyakoki da yankunan tasiri, waɗanda har yanzu nake ganin Tehran da tafiyar runduna suka tsara. Ko Potsdam, daga 17 ga Yuli zuwa 2 ga Agustan 1945, ta tarar da Roosevelt ya rasu tun 12 ga Afrilu, Truman ya gaje shi, Churchill kuma ya faɗi zaɓe ana tsakiyar taro Attlee ya zo ya zauna a kujerarsa. Stalin kaɗai ya rage cikin ukun, kuma yankunan gabas da kogunan Oder da Neisse ya riga ya miƙa su ga hukumar Poland da yake goyon baya tun kafin a zauna.

Malam Bashir:
To batun Japan fa? Tunda an gwada bam ɗin nukiliya ranar 16 ga Yuli, kwana ɗaya kafin buɗe Potsdam, ashe farashin da aka biya Stalin a Yalta, wato kudancin Sakhalin da tsibiran Kuril da haƙƙoƙi a Manchuriya, an biya shi a kan abin da ba a buƙata.

Alhaji Garba (tsohon soja):
A Fabrairu babu wanda ya ga bam ɗin ya tashi, Malam Bashir, kuma hafsoshin Amurka suna lissafin mamaye tsibiran Japan da ƙafa, ga babbar rundunar Japan a Manchuriya. Abin da suka tarar a Iwo Jima da Okinawa cikin watannin da suka biyo baya ya ƙara musu tsoro. Stalin ya ce zai shiga wata biyu ko uku bayan faɗuwar Jamus. Jamus ta miƙa wuya ranar 8 ga Mayu, shi kuma ya shelanta yaƙi ranar 8 ga Agusta, kwana biyu bayan Hiroshima, washegari kuma aka jefa na Nagasaki yayin da tankokinsa suke kwarara cikin Manchuriya suna dosar Koriya.

A Alkahira an yi alkawarin cewa Koriya za ta samu 'yanci idan lokaci ya yi, amma babu taron shugabanni ko ɗaya da ya shata inda sojojin kowa za su tsaya. A daren 10 ga Agustan 1945 aka ba wasu hafsoshin Amurka biyu a Washington, Dean Rusk da Charles Bonesteel, ɗan gajeren lokaci su kawo shawara. Suka duba taswirar da ke gabansu, suka zaɓi layi na 38, wato layin taswira da ya ratsa tsakiyar Koriya daga gabas zuwa yamma, saboda ya bar birnin Seoul a ɓangaren Amurka. A lokacin sojojin Amurka mafi kusa suna Okinawa, ɗaruruwan kilomita daga wurin, na Sobiyet kuwa suna bakin iyaka, kuma da sun so da sun mamaye zirin gaba ɗaya. Aka aika wa Stalin shawarar, ya amince, sojojinsa suka tsaya a layin suka jira Amurkawa har suka iso a watan Satumba.